Percy Girouard, Baturen da ya juya fatauci daga hamada zuwa teku

Kusan duk kayan ƙasashen waje da manyan motoci ke saukewa a kasuwannin Badagishiri da Malbaza da Birnin Ƙwanni daga bakin teku suke fitowa, ko Kwatano ko Lome ko Legas. Matashin yau haka ya tashi ya tarar. Amma shekaru 120 da suka wuce, fataucin da ke haɗa ƙasar Hausa da Turai arewa yake kallo. Fatu da gashin jimina da hauren giwa su bar Kano a bayan raƙuma, su bi ta Damagaram da Agadas da Gat, sai bayan watanni su isa Turabulus. Cikin mutanen da suka juya wannan hanya akwai wani sojan injiniya ɗan Kanada wanda bai cika shekara uku a ƙasar Hausa ba.

Wanda ya yi lakwal zai gane sunan na Faransanci ne, Jiruwar ake furta shi. An haifi Édouard Percy Cranwill Girouard a birnin Montreal ranar 26 ga Janairu 1867. Mahaifinsa, Désiré Girouard, lauya ne kuma ɗan majalisar dokoki, daga 1895 ya zama alƙali a kotun ƙoli ta Kanada. Mahaifiyarsa asalinta ƴar Ailan ce. Yaron ya tashi da Faransanci da Ingilishi a baki, ga shi ɗan ɗariƙar Katolika, abin da ba a cika gani ba cikin manyan hafsoshin Ingila na wancan zamani. Ya gama makarantar soja ta Kingston a 1886, ya yi shekara biyu yana aikin shimfiɗa dogo da kamfanin Canadian Pacific a jihar Maine ta Amurka, sannan a 1888 ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya. Daga 1890 zuwa 1895 shi ke kula da ɗan ƙaramin layin dogon da ke cikin masana'antar makamai ta Woolwich kusa da Landan, aikin da ba ya kai mutum ko'ina.

Sudan ce ta fito da shi. A 1896 Janar Kitchener ya taso daga Masar don ya rusa daular Mahadi, wadda Halifa Abdullahi ke riƙe da ita a Omdurman. Matsalarsa ba ƙarancin bindiga ba ce, hanya ce. Daga Wadi Halfa kogin Nilu yana yin wani babban lanƙwaso cike da duwatsun da jirgin ruwa ba ya iya ratsawa. Kitchener ya yanke shawarar a yanke lanƙwason, a bi tsakiyar hamadar Nubiya da dogo har Abu Hamed, tafiyar kilomita kusan 370 ba gari ba rijiya. Manyan injiniyoyin da aka tuntuɓa sun ce ba zai yiwu ba. Aka damƙa aikin ga laftana mai shekara 29.

Sai an san yadda kan jirgi mai tururi yake aiki ake gane girman kasadar. Ana hura wuta da kwal a ƙarƙashin wata doguwar tukunya, ruwa ya tafasa, tururin ya tura sandunan ƙarfe da ke juya ƙafafu. Abin da yake sha ya fi abin da yake ci yawa, kuma in ruwa ya ƙare masa tsakiyar rairayi ya zama gungumen ƙarfe. Saboda haka duk jirgin da ya tashi daga Halfa sai ya ja ruwan zuwansa da na komowarsa, da na dubban ma'aikatan da ke bakin aiki, kafin a yi maganar ƙarfen da za a shimfiɗa. Iya nisan da dogon ya yi, iya yawan taragun da ruwa ke cinyewa. Girouard ya zauna ya lissafa komai tun kafin a fara, har ƙusa da fitila, ya yi odarsu daga Ingila. An fara aikin ranar 1 ga Janairu 1897. Sa'a ta taimaka, aka haƙa rijiya a wuri biyu cikin hamadar aka sami ruwa. Tashoshin ba su da suna don ba kowa a wurin, lamba aka ba su. Ranar 31 ga Oktoba jirgi ya shiga Abu Hamed, a tsakiyar 1898 ya kai Atbara, ranar 2 ga Satumba kuma aka yi yaƙin Omdurman, inda mabiya Mahadi sama da 10,000 suka faɗi cikin wuni guda. Sojojin da bindigogin da suka yi wannan kisa, dogon Girouard ne ya kai su. Wani matashin hafsa da ya halarci yaƙin, Winston Churchill, ya yabe shi a littafin da ya rubuta kan yaƙin, kuma bai manta da shi ba.

Daga nan sai muƙamai suka riƙa bin juna. Ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa ta Masar yana da shekara 31. Da yaƙin Buwa ya ɓarke a Afirka ta Kudu a 1899 aka ba shi dukkan layukan soja, yana gyara gadojin da Buwa ke fasawa, aka kuma ba shi lambar girma ta Sir a 1900. Bayan yaƙi ya riƙe jiragen Transvaal da Orange, ya yi aure a Pretoria a 1903, ya saɓa da masu ma'adinan zinariya na Johannesburg, a 1904 suka ga bayansa.

A 1906 Gwamna Lugga ya bar Arewacin Najeriya. Shekarar ce ta Satiru. Tawayen ya faro ne daga ɓangarenmu, a Kobkitanda cikin ƙasar Dosso, a ƙarshen 1905. Da Faransawa suka murƙushe shi, malamin nan makaho da ake kira Saibu ya tsallaka ya isa Satiru kusa da Sakkwato, inda a Fabrairu 1906 talakawa masu gatari da fartanya suka karya rundunar Ingilishi suka kashe Turawa uku. An rama da kisan da ya shafe garin daga doron ƙasa, amma Landan ta ji tsoro. Ƙasa mai faɗin gaske, Turawa ƴan ƙalilan, kuma kai soja daga kogin Kwara zuwa Kano ko Sakkwato sai an yi makonni ana tafiya da ƴan dako. Ga kuma masu masaƙun Lancashire da ke matsa wa gwamnati lamba, sun ƙudurta cewa ƙasar Kano da Zazzau za ta cika musu rumbu da auduga. Churchill a lokacin shi ne ƙaramin ministan ƙasashen mallaka. Da aka tashi neman magajin Lugga, sai aka ɗauko mai dogo. Girouard ya iso a 1907. A daidai wannan lokaci Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suna kafa alamun iyakar da ta bar Ƙwanni a hannun Faransa, ta bar mu da Illela biyu, ɗaya a jihar Tawa ɗaya a jihar Sakkwato.

Hedkwatar Arewa a lokacin Zungeru ce, kuma mai zuwa can jirgin ruwa yake hawa ya bi Kwara ya shiga kogin Kaduna, ya sauka a Barijuko, sannan ya hau wani ɗan siririn jirgin ƙasa. Lugga ne ya sa aka shimfiɗa shi, daga Wushishi zuwa Zungeru a ƙarshen 1901, aka ƙara shi zuwa Barijuko a 1902, duka kimanin kilomita 35. Faɗin dogon santimita 76 ne kacal. Kamfanin Hunslet na birnin Leeds ne ya ƙera kawunan da ke jansa, ƙanana ne masu ɗauke da ruwansu cikin tankuna a gefen tukunya, ba sa jan taragon ruwa daban. Shi ne jirgin ƙasa na farko da ya yi gudu a Arewa. Na farkon cikin kawunan nan, ƙirar 1901, bai shiga hannun masu sayen tsohon ƙarfe ba. An kai shi tashar jirgin ƙasa ta Minna aka ajiye don tarihi. Ya girmi ƙasar Najeriya kanta, wadda aka haɗe a 1914, da shekara 13.

Gwamnan Legas, Walter Egerton, yana son a miƙo layinsa daga kudu ya tsallaka Kwara a Jebba ya wuce Kano. Girouard ya tsaya kan ra'ayin Lugga, wato Arewa ta sami nata layin daga wata tashar kogi, don kada ta dogara da Legas. Aka zaɓi Baro a ƙasar Nufe, wurin da jiragen teku ke iya kaiwa idan kogi ya cika a ƙarshen damina. Landan ta amince da duka biyun a 1907, su haɗu a Minna. Daga Baro zuwa Kano mil 356 ne, wajen kilomita 570, kuɗin da aka ware kuma bai wuce fam miliyan 1 da dubu 200 da ƴan kai ba, wanda ko a ma'aunin lokacin araha ne ƙwarai. Dabarar Girouard ita ce kada a ba ɗan kwangila, ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ta yi da kanta a ƙarƙashin John Eaglesome. A bi ƙasa yadda take, a kauce wa tudu maimakon a fasa shi, a yi tashoshi marasa ado, a bar gyara sai jirgi ya fara kawo kuɗi. Faɗin dogon mita 1 da milimita 67, irin na Sudan da Afirka ta Kudu.

Sauran arahar daga jikin talaka ta fito. Ba a jira masu neman aiki ba. Rasdan zai gaya wa sarki adadin mutanen da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, a kora ƙauye guda zuwa bakin aiki na ƴan makonni, in sun koma wasu su karɓe su. Nufawa aka fara ɗiba, sai Gwarawa, sai mutanen Zazzau da Kano. Da diga da kwando a ka aka tara ƙasar da dogon ya hau. Ana biyansu, gaskiya ne, kuma a hannunsu ake sa kuɗin don kada shugabanni su cinye. Amma tsabar da aka ba su ita ake karɓa a haraji, ta haka sulen Ingila ya riƙa korar wuri daga kasuwa. Garuruwan da ke bakin layin an ɗora musu kawo hatsi, wasu gonaki suka kwana ba shuka. A Mayun 1909 mutanen Gussoro a ƙasar Gwari suka yi wa wani Baturen mulki da ƴan sandansa kwanton ɓauna suka kashe su, aka turo soja suka ƙone garin. Takardun gwamnati ba su kira wannan tsari aikin tilas ba, sun ba shi suna mai laushi. Dattawan Adar da suka yi wa kumandan dakon kaya da fasa hanya kafin dokar Houphouët-Boigny ta 1946 ba za su sha wahalar gane shi ba. Kalmar diga ma ta zama sunan aikin gaba ɗaya, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya ga abin da idonsa a ƙasarsa, ya tsara Waƙar Diga a kansa.

Girouard bai ga ƙarshen aikin ba. A 1909 aka ɗauke shi zuwa Gabashin Afirka tun dogon bai kai Zariya ba, Hesketh Bell ya gaje shi. Ƙarfe ya isa Kano a Maris 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe layin ga ƴan kasuwa a 1912, a shekarar kuma aka haɗe shi da na Legas ƙarƙashin hukuma ɗaya. Tun daga nan Baro ta fara mutuwa, domin ɗan kasuwa ya fi son tashar da ke aiki duk shekara a kan kogin da ke janyewa da rani. Da aka gama gadar Jebba a 1916 magana ta ƙare. A wannan gardama Egerton ne ya yi gaskiya. Ɗan layin Wushishi kuwa an tumɓuke shi, aka kai ƙarafansa da kayansa aikin wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don ɗaukar kuza, wanda ya yi aiki har 1957.

Audugar da aka yi dogon dominta ba ta zo yadda aka so ba. Masaƙan Kano sun fi Turawa biya, manomi kuma ya yi nasa lissafin: gyaɗa ta fi kuɗi, ba ta gajiyar da ƙasa, in shekara ta ɓaci ana iya cinta. Masana'antun man shafa burodi da sabulu na Turai suna neman mai ido rufe. Fataken goro da suka san kowane ƙauye suka shiga tsakani, a kakar 1912 buhuna suka cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta katse abin na ɗan lokaci, sannan ya dawo da ƙarfi, ya haifi dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Ayarin Turabulus kuwa duka biyu ya sha a shekara guda, dogo ya iso Kano a Maris 1911, Italiya ta faɗa wa Turabulus a Oktoba. Gadamusawan Kano da kansu suka koma aika fata ta Legas. Masu raƙuman Abzin da Damargu suka rasa babban abin yi, wasu suka koma dakon gyaɗa zuwa tashar jirgi.

Faransawan da ke mulkin Nijar sun sami kansu cikin wani hali. Babban birnin yankin daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce, kuma hanya mafi sauƙi daga Faransa zuwa can ita ce jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasan Ingilishi zuwa Kano, sai doki ko raƙumi. Lokacin da Kawsan ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916, ta wannan hanya aka kawo sojojin ƙarin ƙarfi daga Dakar kafin a kwance kewayen a Maris 1917. Dogon da aka yi don tsoron wani Satiru ya yi wa Faransa irin aikin da aka yi shi dominsa. Daga baya rassa suka ƙara matsowa iyaka, Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Magarya ta riƙa gangarawa can. Sakkwato ba ta taɓa samun dogo ba, shi ya sa Adar da Ƙwanni suka tsaya nesa da tasha, sai dai ƴan cin rani da ke gangarawa su hau jirgi su dawo da labari. Sai a 1953 Faransa ta ƙirƙiro tsarin Opération Hirondelle don karkatar da kayan Nijar zuwa Paraku, inda layin Kwatano ya tsaya tun 1936.

Akwai abu na biyu da Girouard ya bari a Arewa, wanda a ganina ya fi dogon daɗewa. Ya san cewa duk inda jirgi ya bi ƙasa za ta yi daraja, kamfanoni su zo saye. Ya rubuta dogon bayani kan mallakar ƙasa, aka kafa kwamiti a Landan a 1908, aka fitar da dokar 1910 wadda ta sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna a matsayin amanar ƴan ƙasa, ba a sayar wa baƙo ita, sai dai haya. Dokar ta hana Turawa kafa manyan gandaye a ƙasar Hausa. Ta kuma ɗauke ikon ƙarshe daga hannun sarakuna da manoma ta ba hukuma, kuma dokar amfani da ƙasa ta Najeriya ta 1978 jikarta ce. A zamaninsa ne kuma aka ɗora wa Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, aikin kafa makarantar boko, ya buɗe ta a Nasarawa ta Kano a 1909, ana koyarwa da Hausa cikin haruffan da kuke karantawa yanzu.

Mutumin da ya tsare ƙasar manomin Kano daga Turawa, shi ne ya miƙa ta makiyayin Masai gare su. A Kenya ya tarar da Turawa ƴan kaka-gida ƙarƙashin Lord Delamere, ya ga cewa su ne za su sa layin Mombasa ya biya kuɗinsa. Yarjejeniyar 1904 ta ba Masai filayen Laikipia muddin ƙabilarsu na raye. A 1911 aka sa shugabanninsu hannu a wata sabuwa, aka kora mutane da shanu zuwa kudu, da yawa suka halaka a hanya. Ministan ƙasashen mallaka Lewis Harcourt ya gano cewa an riga an yi wa Turawa alkawarin filayen, alhali gwamnan ya nuna masa ba haka ba. Girouard ya ajiye aiki a 1912. Ban ga saɓani mai yawa tsakanin Girouard na Zungeru da na Nairobi ba. A wuri na farko manomi baƙar fata ne zai cika tarago, a na biyu Bature ne, kuma a duka biyun ya bi wanda zai cika taragon.

Bai sake riƙe mulki ba. Ya shiga kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth. A 1915, da harsashin igwa ya yanke wa sojan Ingila a fagen yaƙi, Lloyd George ya kira shi ya shugabanci samar da makamai, ba su jitu ba, bai daɗe ba ya koma kamfani. Aurensa ya mutu a shekarar. Ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumba 1932 yana da shekara 65. Akwai dutse mai sunansa a gandun Banff na Kanada, jikansa Mark Girouard kuma ya yi suna a rubutun tarihin gine-gine.

Daga zamanin tururi kaɗan ne ya tsira a Najeriya. Ban da kan jirgin Minna, gidan tarihi na Jos yana riƙe da kayan layin kuza, a Ebute Metta ta Legas kuma ƙungiyar Legacy ta mayar da wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe, Jaekel House, wurin adana hotuna da kayan aiki. Irin wannan ƙarfe ba ya buƙatar abu mai yawa don ya kai wani ƙarni, rufi ne da fenti da mai gadi, domin ruwan sama da ke kwanciya cikin tukunya da tankuna shi ke cinye shi daga ciki, ɓarayin tagulla su ƙarasa sauran. Reshen Baro zuwa Minna ya daɗe da daina aiki, ko da yake an ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro a Janairu 2019.

Nijar ba ta da kan jirgi mai tururi da za ta adana, don ba ta taɓa mallakar ko ɗaya ba. An buɗe tashar Yamai a 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kilomita 143 zuwa Dosso aka ƙaddamar a farkon 2016, layin bai shiga jigilar fasinja ko kaya ba. Faɗinsa mita 1 ne cif, irin na Kwatano. A Fabrairu 2021 Najeriya ta ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Nasa faɗin mita 1 da milimita 435 ne, saboda haka taragon da zai shigo Maraɗi a kansa ba zai iya hawa dogon Dosso ba, ba kuma zai hau tsohon layin Baro zuwa Kano ba.